Yadda Mai Gidan Shotlet Zai Magance Baƙi Maƙaryata da Fatin da Ba a Ba da Izininsa Ba

Ƙarfe ɗaya da kwata na wani daren Asabar a watan Disamba maigadi ya kira ni, kuma tun kafin ya buɗe baki na ji amsar kiɗa tana dukan wayar. Ya ce, "Yallaɓai, motoci goma sha ɗaya ne a waje, kuma wasu na ƙara zuwa." Wadda ta kama gidan, mai ɗakuna biyu a unguwar Gwarinpa da ke Abuja, ta faɗa mini cewa ita da mahaifiyarta ne za su kwana biyu domin ganin likita. Da gari ya waye na tarar da gawayin shisha ya huda kujerar falo a wurare uku, ƙyauren banɗaki ya ɓalle daga ƙofarsa, an kuma ɓoye kwalabe a cikin injin wanki. Kuɗin gyaran ya ninka kuɗin hayar, kuma ba ni da takarda ko ɗaya da ta sa wa hannu. Kuskuren ba a daren ya faru ba, ya faru ne ranar Alhamis, lokacin da na ga alat na miƙa makulli ba tare da na yi tambaya ta biyu ba.

Hayar gida ta gajeren zango, wadda aka fi sani da shotlet, ta bunƙasa a Abuja da Legas, ta kuma shiga Kano da Kaduna, kuma matsalar fati a cikinta ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A daren 31 ga Oktoba 2019 an harbe mutum biyar har lahira a wani fati da aka yi a gidan da aka kama ta Airbnb, wato dandalin hayar gidaje na intanet, a garin Orinda na jihar Kalifoniya a Amurka. Kamfanin ya haramta fati a duk gidajen da ke dandalinsa na wucin gadi a watan Agusta 2020, sannan ya mayar da haramcin na dindindin a watan Yuni 2022. Sai dai yawancin masu gida a nan ta WhatsApp da Instagram da dillalai suke samun baƙi, inda babu wani kamfani da zai tsaya musu, don haka matakan da ke ƙasa sun fi karkata ga wanda yake cin gashin kansa.

Mataki na farko: ƙa'idoji a rubuce, kafin a karɓi ko sisi

Abin da aka faɗa da baki a waya, gobe za a musanta shi. Ka tanadi takarda mai shafi ɗaya, kada ta wuce haka domin babu mai karanta shafi biyar, ka aika wa duk mai neman gidan kafin ya biya, ya amsa a rubuce cewa ya karanta ya amince, sannan ya sa hannu a kan kwafinta ranar da ya iso. Takardar ta faɗi adadin mutanen da za su kwana, da lamba, ba da kalma irin "iyali" ba, domin iyali na iya zama mutum uku kuma na iya zama mutum talatin. Ta faɗi adadin masu ziyara da aka yarda su shigo a lokaci guda da ƙarfen da dole su fita. Ta faɗi lokacin da ake rage sauti, misali daga goma na dare zuwa bakwai na safe.

Wurin da masu gida da yawa ke barin ƙofa a buɗe shi ne kalmar fati kanta. Idan ka rubuta "ba a fati" kawai, baƙo zai ce maka ai ba fati ya yi ba, 'yar liyafar bazde ce, ko zaman abokai, ko ɗaukar bidiyo. Saboda haka ka lissafa abubuwan da kansu: ba a shigo da lasifika ko mai kiɗa, ba a kawo kujerun haya ko masu kwalliyar wuri, ba a kunna gawayin shisha a ciki, ba a ɗaukar fim ko tallar kaya sai da izini. Sannan ka rubuta sakamakon karya ƙa'ida a fili, wato za a iya kawo ƙarshen zaman nan take, kuma za a cire kuɗin ɓarna daga kuɗin ajiya. Idan gidan yana cikin rukunin gidaje mai nasa dokokin, ka haɗa su a ciki, domin tarar da shugabannin rukunin za su ci, kai za su ci ba baƙon ba.

Mataki na biyu: tantance baƙo

Nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci, domin fatin da aka hana tun a waya bai ci maka ko kofi ɗaya ba. Ka yi wa kowa tambayoyi guda huɗu cikin ladabi: me ya kawo shi garin, mutum nawa ne za su kwana kuma su wane ne, motoci nawa za su shigo, kuma yana sa ran masu ziyara ko a'a. Mai gaskiya yakan amsa a taƙaice ba tare da jin haushi ba, domin amsar tana bakinsa. Wanda ya zo da wata manufa yakan kewaye, ko ya fusata, ko ya ce maka, "Ai kuɗina zan biya, mene ne na tambayoyi?"

Akwai alamomin da idan biyu ko uku suka haɗu ya kamata ka dakata. Mutumin da ke zaune a garin kuma yana neman kwana ɗaya tak, daren Juma'a ko Asabar, a gida mai falo babba, alama ce. Wanda tambayarsa ta farko ita ce ko mai gida yana zaune kusa, ko akwai kyamara, ko maƙwabta suna da ƙorafi, ko motoci nawa harabar za ta ɗauka, ya riga ya gaya maka rabin shirinsa. Haka nan wanda ya ce wa wani yake kama gidan, "ogana" ko "ƙanina", amma ya ƙi haɗa ka da mutumin. Haka wanda ya kira da magariba yana gaggawar shiga a daren, yana kuma tayin ƙara kuɗi don kada a tsaya dogon bincike. Alama ɗaya ita kaɗai ba hujja ba ce, domin ɗan gari ma yakan nemi wurin kwana idan ana fenti a gidansa ko baƙin biki sun cika shi. Kuma ka kiyaye, tantancewa ta tsaya a kan amsoshin mutum da halinsa, ba a kan ƙabilarsa ko addininsa ko kasancewarta mace ita kaɗai ba. Ni dai mafi munin ɓarnar da aka taɓa yi mini, mai magana da ladabi ce ta yi ta.

Ka nemi katin shaida mai hoto, ko takardar NIN, ko lasin tuƙi, ko fasfo, ka tabbatar sunan da ke jiki ya yi daidai da sunan asusun da kuɗin ya fito, kuma ranar shiga ka dubi fuskar da ke katin ka dubi wanda ke gabanka. Idan ba za ka kasance a wurin ba, gajeren kiran bidiyo ya wadatar. Kwafin katin nan amana ce a hannunka, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tattara irin waɗannan bayanai nauyin tsare su da amfani da su a kan abin da aka karɓe su dominsa kaɗai, don haka kada ka bar su a wayar mai shara ko a zauren WhatsApp.

Dabara mafi sauƙi da ta fi yi mini aiki ita ce hana kwana ɗaya a ƙarshen mako. Mai shirya fati dare ɗaya yake bukata, kuma idan ka ce sai kwana biyu, a lokutan Sallah da ƙarshen shekara kuma sai uku, yawancinsu za su nemi wani wurin da kansu. Za ka rasa wasu baƙin kirki, wannan gaskiya ne, amma kujera ɗaya da aka ƙona ta cinye ribar kwanaki da dama.

Mataki na uku: kuɗi

Kada ka yarda da saƙon alat, kada ka yarda da hoton risit. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna a asusu kafin makulli ya bar hannunka, domin alat na bogi da risit da aka gyara sun zama ruwan dare, kuma uzurin kullum shi ne "netwok ne, zai shigo." Akwai kuma wanda zai ce ya yi kuskure ya turo fiye da kuɗin hayar, ka mayar masa da ragowar a wani asusu dabam. Kada ka yi. Ko dai kuɗin ba su shigo ba sam, ko kuma na sata ne ake so a wanke ta hannunka. Idan da gaske an yi kuskure, ka sanar da bankinka, kuɗin su koma asusun da suka fito.

Kuɗin ajiya na ɓarna, wanda ake mayarwa idan an bar gida lafiya, ya zama mai nauyin da mutum zai ji zafin rasa shi. Idan ya yi ƙanƙanta, mai fati zai lissafa shi cikin kuɗin shagalinsa ya yafe maka. Ka rubuta ranar da za ka mayar da shi, misali cikin awa 24 bayan an duba gida, kuma ka cika alkawari, domin mai gidan da ke riƙe kuɗin ajiyar mutane ba dalili shi ma maƙaryaci ne, kuma labarinsa yana yawo. Idan baƙon ta Airbnb ya zo, komai ya bi ta dandalin, kuɗi da saƙonni duka. Wanda ya ce ku fita waje ku daidaita don a rage kuɗi yana neman cire ka ne daga inuwar da za ka fake idan abu ya ɓaci, kuma dokokin kamfanin sun hana hakan.

Mataki na huɗu: miƙa gida

Kafin kowane baƙo ya shiga, ka ɗauki bidiyon gidan na minti uku zuwa biyar, a hankali, ɗaki bayan ɗaki: talabijin a kunne, esi yana aiki, kujeru, labule, katifa ba zanin gado, cikin firji, madubin banɗaki, da lambar da ke kan mitar wuta. Ka aika wa baƙon a ranar, domin kwanan watan da ke kan saƙon shi ne shaidarka. Ka haɗa da jerin kayan da ake iya ɗauka a jaka, kamar rimot, tawul, ayan, da na'urar intanet. Wannan bidiyon yana maganin wani nau'in ƙarya dabam, wato baƙon da zai kwana uku lafiya lau, sannan a rana ta ƙarshe ya ce gidan da datti yake tun farko ko esi bai taɓa aiki ba, a mayar masa da kuɗinsa.

Mutum ya miƙa makulli hannu da hannu, kai ko wakilinka, ya ƙirga waɗanda suka shigo, ya maimaita ƙa'idar fati da baki yana murmushi. Jimla ɗaya ta isa: "Hajiya, maigadi yana rubuta duk mai shiga, kuma ni ina nan kusa idan ana bukatar wani abu." Mai niyyar kirki zai ji an kula da shi, mai wata niyya kuma zai gane cewa akwai ido.

Mataki na biyar: sa ido ba tare da leƙen asiri ba

Maigadi shi ne idonka na farko, kuma shi ne wanda mai fati zai fara saye da 'yan dubbai. A daren da na ba da labari, sai da mota ta goma sha ɗaya ta iso kafin ya kira ni, kuma daga baya ya amsa cewa an ba shi na goro. Ka ba shi littafin rubuta masu shiga da fita, ka gaya masa adadin mutanen da aka amince da su a kowane zama, ka sa masa kati a waya, kuma ka yi masa alkawarin tukuici duk ranar da ya sanar da kai da wuri, yadda faɗa maka zai fi masa riba a kan yin shiru. Maƙwabci ɗaya ko biyu su ma su riƙe lambarka, ka roƙe su su kira ka kai tsaye ko ƙarfe nawa ne, tun kafin su kai ƙara wurin shugabannin rukunin.

Kyamara a bakin get ko a ƙofar shiga daga waje tana da amfani, da sharaɗin ka sanar da baƙi a rubuce cewa tana nan. Amma cikin gida, ko falo ne, kada ka kuskura. Airbnb ya haramta kyamarar cikin gida gaba ɗaya tun daga 30 ga Afrilu 2024, kuma ko ba ka kan dandalin, ɗaukar hoton mutane a inda suke kwana cin amana ne da zai iya kai ka gaban alƙali ya kuma kashe kasuwarka a yini ɗaya. Abin da ya dace a ciki shi ne na'urar auna ƙarfin sauti, irin su Minut da NoiseAware, waɗanda ba sa naɗar magana, sai dai su aiko maka da saƙo idan hayaniya ta wuce iyakar da ka sa na wani lokaci. Ita ma a sanar da baƙo, kuma a falo ake sa ta, ba a ɗakin kwana ko banɗaki ba. Tana bukatar wuta da intanet, don haka ka haɗa su da inbata.

Mataki na shida: idan fatin ya riga ya kankama

Abu na farko shi ne saƙo a rubuce, gajere, ba zagi: an sanar da kai cewa mutanen da ke gidan sun wuce adadin da aka amince, wannan ya saɓa wa ƙa'idar da ya sa wa hannu, kana ba shi minti talatin a kashe kiɗa kuma duk wanda ba ya cikin jerin ya fita. Sannan ka kira shi ka maimaita da murya mai sanyi. Ka sa maigadi ya daina barin sababbin motoci su shigo, ya kuma ɗauki hoton waɗanda ke waje daga inda yake tsaye. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, domin wanda ya kama gidan ya san katinsa da kuɗinsa suna hannunka.

Idan wa'adin ya cika ba a watse ba, kada ka tafi kai kaɗai, kuma kada ka kwaso 'yan unguwa. Mutum talatin da suka sha abin da ba ka sani ba, a cikin dare, ba wurin nuna jarumta ba ne. Ka kira masu tsaron rukunin, idan abin ya fi ƙarfinsu ka kira ofishin 'yan sandan yankin ko lambar gaggawa ta 112. Yana da kyau tun kafin irin wannan rana ka taɓa zuwa ofishin ka gabatar da kanka ka karɓi lambar da ake samun su da dare. A Kano maƙwabta na iya kiran Hisbah tun kafin su kira ka, kuma idan aka yi kame a gidanka, sunan gidan ne zai shiga bakin mutane, wanda hakan ƙarin dalili ne na riga kowa ɗaukar mataki.

Akwai abubuwa uku da fushi ke sa masu gida su yi, kuma duka ukun suna mayar da mai gaskiya mai laifi. Kada ka kulle get da mutane a ciki don sai an biya ka, domin tsare mutum ba aikinka ba ne, kuma idan gobara ta tashi ko wani ya faɗi, kai za a tambaya. Kada ka ƙwace waya ko makullin mota a matsayin jingina. Kada ka kashe wuta gaba ɗaya a kan taro, domin duhu da tsoro suna haifar da turmutsitsi, kuma a cikin duhun ne talabijin ke fashewa. Idan ta Airbnb aka kama gidan, ka sanar da kamfanin a daren ta manhajar, ka bar su su kawo ƙarshen zaman, kada ka soke da kanka ba tare da sanarwa ba, don kada a ɗora maka laifin sokewar.

Mataki na bakwai: washegari

Kada mai shara ta taɓa komai sai an ɗauki hoto da bidiyo, daga nesa da kuma daga kusa, a bi tsarin bidiyon farko domin a iya jera su gefe da gefe. Idan ka ga ƙwayoyi ko wani abin da kake zargin kayan maye ne, kada ka zubar a ɓoye kuma kada ka ajiye, ka sanar da 'yan sanda ko hukumar NDLEA, domin doka tana hukunta mai kula da gidan da ya bari da saninsa ana irin wannan harka a cikinsa, kuma rahotonka shi ne shaidar cewa ba da yawunka aka yi ba.

Daga nan ka kira kafinta da mai gyaran wuta su rubuta maka farashi, ka aika wa baƙon lissafi dalla-dalla da hotuna da risit, ka cire abin da ya kama daga kuɗin ajiya, ka mayar masa da ragowar idan akwai. Kada ka ƙara ko naira ɗaya don huce haushi, domin lissafin da aka kumbura shi ne abin da zai riƙe ya rushe sauran. A Airbnb, kariyar AirCover ta masu gida tana biyan ɓarna har dala miliyan 3, amma dole ka shigar da bukatarka cikin kwana 14 da fitar baƙon, da hujjoji. Wanda ya yi maka barazanar rubuta mummunan sharhi idan ba ka yafe ba, ka ajiye saƙon ka tura wa kamfanin, domin irin wannan barazanar ta saɓa wa dokokinsu.

Idan ɓarnar ta wuce kuɗin ajiya kuma ya ƙi biya, ka aika masa takardar neman biya mai wa'adi, sannan ka nufi kotun ƙananan da'awa, irin waɗanda ake da su a Legas da Kano, inda ake sauraron ƙananan basussuka cikin sauri. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne wallafa hotonsa da katinsa a Instagram, duk da na san hannu yana ƙaiƙayi. Ranar da ka yi haka, ya samu abin da zai kai ka ƙara a kansa, kuma shari'ar kujera ta koma shari'ar ɓata suna. Sanar da abokan sana'a da ka amince da su abin da ya faru, a taƙaice kuma iya abin da kake da hujjarsa, ya wadatar.

Shi kuwa baƙon da kwanakinsa suka ƙare ya ƙi fita, yana cewa gobe kuɗi za su shigo, kada ka bar kwana ɗaya ya zama mako. Duk ƙarin kwana a biya shi tukuna kuma a rubuta sabuwar ranar fita. Idan ya turje, ka nemi lauya da wuri maimakon ka watsar masa da kaya a waje, kuma ga duk zaman da zai kai wata guda, lauya ya tsara maka yarjejeniyar tun farko yadda ba za a wayi gari yana kiran kansa ɗan haya ba.

Kafin baƙo na gaba ya shigo, ka bi maƙwabta gida gida ka ba su haƙuri da bakinka, ka gaya musu abin da ka canja, domin su ne za su yanke hukuncin ko shotlet zai ci gaba a layin idan aka zo taron rukunin. Sannan ka canja kwaɗon ƙofar shiga, ko lambar sirrinta idan na zamani ne, ko da an dawo maka da makullan cif, domin a daren fati makulli yakan bi ta hannun mutane da yawa, kuma yanka wani makullin irinsa a kasuwa ba ya ɗaukar minti goma.